Foka mai raba-daidai: Yadda ƙananan katuna ke cin rabin kuɗi

Duk wanda ya san wasan Whot ya san cewa a karta ba kullum ne babban kati ke da daraja ba. Ko a majalisar matasan Gayam da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, ko a bakin shago a Tudun Wadar Kaduna, ƙa'idar da aka fi bi guda ce: idan katunan kasuwa suka ƙare babu wanda ya zubar da na hannunsa kaf, sai kowa ya baje abin da ya rage masa a ƙirga, mai ƙaramar jimla shi ne ya tsira. Kati mai lamba 14, wanda ɗazu ake tinƙaho da shi saboda yana kora kowa kasuwa, a lokacin ƙirga sai ya koma kaya a wuyan mai shi. Mai tauraro ninka lambarsa ake yi, shi kuwa Whot ɗin kansa 20 ake lissafa shi.

A wasan foka, wato kartar Amurkawa da ake yi don kuɗi a gidajen caca da manhajojin waya, akwai wani reshe da ya ɗauki wannan tunani ya mayar da shi doka. A can ba mutum ɗaya ne ke kwashe kuɗin da aka tara a tsakiya ba. Gida biyu ake raba su: rabi ga wanda katunansa suka fi na kowa ƙarfi, rabi ga wanda nasa suka fi na kowa ƙanƙanta. Jin haka kawai ya isa ya ja hankalin ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ci karo da wasan a wayarsa, domin ga alama ƙofa biyu aka buɗe masa maimakon ɗaya, kuma ko bai samu duka ba, ai da babu gara ba daɗi. Lissafin wasan bai goyi bayan wannan fata ba. Rabin da ake bai wa ƙaramin hannu yana da sharuɗɗa masu tsauri, sau da yawa ba ya samuwa ko kaɗan, kuma akan ci shi a tashi da asara.

Matsayin caca a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Musulunci ya haramta ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, dokokin shari'a na jihohin Arewa da dama sun hana ta, kuma a watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar wasanni a birnin. A ranar 22 ga Nuwamba na shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta aiki a jihohi sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai, hukuncin da ya mayar da ikon kula da harkar hannun gwamnatocin jihohi. Sai dai ƙyauren shago ake iya garƙamewa, ita kuwa manhaja tana aljihun mai waya. Shi ya sa sanin yadda wasan ke tafiya ke da amfani har ga wanda bai taɓa riƙe karta ba, ko da uba ne da ya ga ɗansa yana latsa waya tsakar dare.

Daga bakin Kogin Mississippi

Whot daga Ingila ya zo. Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga shi, har ya zama ɗan gida a Najeriya fiye da ƙasar da aka haife shi. Ita kuwa foka ta girme shi da sama da shekara 100. Wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan Ingila, Joseph Cowell, ya ba da labarin ganin ana yin ta a birnin New Orleans na Amurka a 1829, mutum huɗu da katuna 20. Daga nan ta bi jiragen ruwan Kogin Mississippi ta bazu, aka kuma koma amfani da cikakken ƙunshi mai katuna 52.

Wajajen 1900 ne aka soma wasannin da ƙaramin hannu ke ci, da waɗanda ake raba kuɗi biyu. Nau'in da ya fi yaɗuwa a yau, mai suna Omaha, ya shiga gidajen cacar Las Vegas ne a farkon shekarun 1980. Gasar Foka ta Duniya, wadda aka fara a wannan birni a 1970, ta ƙaddamar da wani zagaye a 2006 mai kuɗin shiga Dala 50,000, inda ake jujjuya wasanni biyar don a gwada wanda ya ƙware a kowanne. Chip Reese ne ya lashe na farkon. Uku daga cikin wasannin biyar ɗin ƙaramin hannu na da ta cewa a cikinsu, alamar cewa ƙwararru ba su ɗauki wannan fanni abin wasa ba.

Yadda ake auna hannu

Ƙunshin kartar foka dangi huɗu ne, biyu jajaye biyu baƙaƙe, kowane dangi da katuna 13: daga lamba 2 zuwa 10, sai masu hoto uku da ke ɗauke da haruffan J da Q da K, sai kuma As mai harafin A. Hannu a wannan wasa yana nufin katuna biyar da mutum zai gabatar a ƙarshe, ba ƙari ba ragi.

A ɓangaren sama, ƙarfin hannu na bin wuyar samunsa. Tagwaye, wato katuna biyu masu lamba ɗaya, sun fi hannun da babu komai a ciki. Tagwaye biyu sun fi su, 'yan uku sun fi tagwaye biyu, sai jeri, wato lambobi biyar bi da bi. Sama da jeri akwai katuna biyar 'yan dangi ɗaya, sai 'yan uku haɗe da tagwaye, sai 'yan huɗu, sannan jerin da duk katunansa dangi ɗaya ne. As shi ne babba a nan, yana gaban K.

A ɓangaren ƙasa sai abu ya juye. As ya sauko ya zama lamba 1, mafi ƙanƙanta kuma mafi tsada. Tagwayen da ake murna da su a sama su ne ke kashe hannu a ƙasa, domin dole katunan biyar su kasance masu lambobi daban-daban. Jeri da dangi kuwa ba a kula su, ba sa ƙara wa hannu komai, ba sa rage masa. Sai babban sharaɗin da ya bai wa wasan sunansa na "takwas ko ƙasa": babu kati ko ɗaya cikin biyar ɗin da zai wuce lamba 8. Mutum na iya riƙe As da 2 da 3 da 4, idan na biyar ɗinsa 9 ne, ba shi da ƙaramin hannu, kamar wanda ya iso tasha bayan mota ta ɗaga. Idan kuma duk teburin babu wanda ya cika wannan sharaɗi, to ba a raba komai, mai babban hannu ne zai kwashe kuɗin gaba ɗaya.

Lambobin da suka cancanta takwas ne, daga As zuwa 8, kuma hanyoyin zaɓen biyar daga cikin takwas 56 ne kacal. Wato duk faɗin wasan ƙananan hannuwa 56 ne. Na ɗaya a cikinsu shi ne 5-4-3-2-A, wanda 'yan wasan ke kira keke. Biyar ne ke farawa da 6, 15 ke farawa da 7, ragowar 35 kuma da 8 suke farawa, na ƙarshensu shi ne 8-7-6-5-4. Daga wannan rabo kaɗai za a ga cewa hannun da ke da 8 a kansa yana cikin cunkoson 'yan baya, akwai aƙalla hannuwa 21 da ke gabansa.

A nan ne wanda ya saba da Whot ya fi saurin ruɗewa. A Whot jimla ake haɗawa. A foka ba a haɗa komai, daga babban katin da ke hannun ake fara dubawa a gangaro. A ɗauki hannu biyu, 8-4-3-2-A da 7-6-5-4-3. Jimlar na farko 18, ta na biyu 25, kuma duk wanda ya kalle su zai rantse na farko ne ƙarami, ga As ga 2 ga 3. Amma na biyun ne ke ci, saboda 7 bai kai 8 ba, kuma da zarar katunan farko sun bambanta magana ta ƙare, ba a ko kallon sauran. Sai idan sun yi daidai ake matsawa kan na biyu, sannan na uku, har zuwa na biyar. Dabara mafi sauƙi ita ce a jera katunan daga babba zuwa ƙarami a karanta su kamar kuɗi, As a matsayin 1. Naira 76,543 ba ta kai Naira 84,321 ba, mai ƙaramin adadi shi ke da rabin. Haka 6-5-4-3-2 ke doke 7-4-3-2-A, ko da yake babu As a cikinsa.

Biyu daga hannu, uku daga tebur

A Omaha ana bai wa kowa katuna huɗu a rufe. Sai a baje biyar a tsakiyar tebur a buɗe, na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ɗaya, ana zuba kuɗi kafin a fara buɗewa da bayan kowane mataki. Doka ta ce dole mutum ya ɗauki biyu cif daga nasa, uku cif daga na tebur. An yarda ya yi amfani da wasu biyun a neman sama, wasu biyun daban a neman ƙasa, ko ya maimaita guda a duka ɓangarorin.

A ce mutum uku ne suka kai ƙarshe, mai shago da malamin ofis da direba, kuma katunan tebur su ne 4 da 6 da 7 da K da Q, babu uku 'yan dangi ɗaya a cikinsu. Mai shago na riƙe da A-2-9-9, malamin ofis K-K-J-10, direba kuma 2-3-Q-J. A sama malamin ofis ne gaba, domin K biyunsa da na tebur sun zama 'yan uku. Ƙasa kuwa ba shi da rabo, tunda ba ya da ƙaramin kati ko ɗaya. Mai shago ya haɗa As da 2 da 4 da 6 da 7, ya samu 7-6-4-2-A. Direba ya haɗa 2 da 3 da waɗannan ukun, ya samu 7-6-4-3-2. Katuna ukun farko duk ɗaya ne, a na huɗu aka rabu, 2 bai kai 3 ba, rabin ƙasa na mai shago ne. Direba shi ne na biyu a sama da tagwayen Q, shi ne na biyu a ƙasa, ya kuma tashi hannu Rabbana. Babu kujerar da ta fi wannan cin kuɗi a wasan, domin mai ita yana ganin yana da ƙafa a kowane ɓangare, don haka ba ya janyewa.

Dokar uku daga tebur tana da wani sakamako da sabon shiga ba ya lura da shi. Idan babu ƙananan katuna uku masu lambobi daban-daban a cikin biyar ɗin tebur, babu mahalukin da zai iya haɗa ƙaramin hannu, ko da kuwa yana riƙe da A-2-3-4. Hanyoyin da katuna biyar za su iya fitowa daga 52 sun kai 2,598,960, kuma 1,561,728 ne daga ciki ke ɗauke da ƙananan lambobi uku ko fiye. Wato kashi 60 cikin 100. A zagaye huɗu cikin kowane goma, rabin ƙasa ba ya ma wanzuwa, duk abin da masu nemansa suka zuba ya zama na mai babban hannu.

Ko wanda aka raba wa As da 2, katunan da kowa ke fata, bai kamata ya yi saurin murna ba. Idan sauran biyun nasa manya ne, kamar K da Q, yana buƙatar tebur ya kawo lambobi uku daban-daban tsakanin 3 da 8, kuma hakan na faruwa ne kimanin sau 36 zuwa 37 cikin 100. Kusan sau biyu cikin uku ke nan zai wayi gari da katuna masu kyan gani da ba su haɗa komai ba. Idan yana da 3 a kan As da 2 ɗin, damar na hawa zuwa dab da rabi.

Ƙari na ukun nan yana da wani amfani. A koma teburin ɗazu, a ce katuna huɗu ne aka buɗe, 4 da 6 da 7 da K, mai shago na zaune da mafi kyawun ƙaramin hannun da zai yiwu, yana ta ƙara zubi. Sai kati na biyar ya faɗo As. Hannunsa bai canza ba, yana nan 7-6-4-2-A, domin As na tebur bai ƙara masa komai ba, yana da irinsa. Amma direba mai 2 da 3 yanzu ya samu As kyauta, ya haɗa da 4 da 6, ya fito da 6-4-3-2-A, ya wuce gaba. 'Yan wasan na kwatanta wannan da kuɗin jabu: takardar na hannunka, kamanninta bai sauya ba, amma ba ta sayen komai. Kuma ba abu ne da ke faruwa jefi-jefi ba. Wanda ya haɗa mafi kyawun ƙaramin hannu da As da 2 tun a katuna ukun farko yana da abokan gaba shida a cikin katuna 45 da bai gani ba, As uku da 2 uku, kuma yiwuwar ɗayansu ya faɗo a buɗewa biyun da suka rage ta kai sau ɗaya cikin huɗu. Da mai shago na da 3 a ajiye, da sai kawai ya sauya, ya yi amfani da 2 da 3 ɗin.

Ba kowane tebur ke bin doka ɗaya ba

Akwai nau'in da ake bai wa kowa katuna bakwai nasa na kansa, uku a rufe huɗu a buɗe, babu na tarayya, ya zaɓi biyar don sama, biyar don ƙasa, da sharaɗin takwas ɗin nan dai. A wannan nau'i ne ake ganin fifikon ƙananan katuna ƙarara. Wanda ya fara da 3 da 4 da 5 yana iya ƙarewa da ƙaramin hannu, yana kuma iya ƙarewa da jerin da zai ci sama. Wanda ya fara da K biyu da Q kuwa hanyarsa ɗaya ce tak. Shi kansa keke, 5-4-3-2-A, jeri ne idan aka kai shi ɓangaren sama, saboda haka yakan cinye gida biyun. Katin da ya fi kowane rashin amfani shi ne 9: ya yi girma a ƙasa, ya yi ƙanƙanta a sama.

Wasu wasannin ba a raba kuɗi a cikinsu, ƙaramin hannu ne ke kwashe duka, kuma ma'auninsu ya sha bamban. A wanda ake kira Razz, ma'aunin shi ne wanda aka bayyana, sai dai babu sharaɗin takwas. A wanda ake dangantawa da birnin Kansas, As babba ne har abada, jeri da dangi kuma laifi ne, don haka mafi kyawun hannu shi ne 7-5-4-3-2 da ba dangi ɗaya ba. A wanda ake dangantawa da Landan, As ƙarami ne amma jeri na ɓata hannu, sai 6-4-3-2-A ya zama na ɗaya. Hannun da ya zama sarki a wannan tebur na iya zama bara a na kusa da shi.

A gidajen caca da manhajoji, katuna ne ke magana da kansu: kowa ya buɗe, mai rabo ko kwamfuta ta tantance. A wasannin cikin gida na Amurka kuwa akwai tsohuwar al'adar furta niyya. Kowa zai kai hannu ƙarƙashin tebur ya fito da shi a dunƙule, a buɗe lokaci guda. A tsarin da aka fi sani, tafin da babu komai yana nufin ƙasa ake nema, ƙwaya ɗaya sama, ƙwaya biyu kuma duka. Wanda ya ce duka sai ya ci ɓangarorin biyu, in ya faɗi ɗaya ya rasa komai, an dai ce taura biyu ba ta taunuwa.

Uwar kuɗi da riba

Ɗan kasuwa ba ya kiran abin da ya shigo aljihu riba sai ya cire uwar kuɗi, kuma da wannan ma'auni ya kamata a duba rabin da ake magana a kai. Kuɗin da ke tsakiyar tebur ba daga sama suka faɗo ba, har da na wanda zai ci a ciki.

Idan mutum biyu ne suka rage, kowa ya zuba Naira 10,000, an tara Naira 20,000. Ɗaya ya ci sama, ɗaya ya ci ƙasa, kowa ya karɓi Naira 10,000, wato abin da ya zuba. An yi ba a yi ba. Idan su uku ne, an tara Naira 30,000, mai rabin ƙasa ya karɓi Naira 15,000, ribarsa Naira 5,000, alhali abin da ya jefa cikin haɗari ya ninka haka. Wanda ya kwashe duka a wannan tebur ribarsa Naira 20,000 ce. Da ido rabi da duka ninki biyu ne tsakaninsu, amma a riba ninki huɗu ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙwararru ke ginin wasansu kan hannuwan da za su iya cin gida biyu, suna ɗaukar rabi a matsayin abin da ake komawa gare shi idan babban buri bai cika ba. Wanda ya shigo da niyyar rabi tun farko, don ya ci Naira 5,000 sai ya yi kasadar Naira 10,000, kuma sai ya yi nasara sau biyu cikin uku kafin ma ya tashi ba riba ba faɗuwa. Adadin da aka gani a baya na As da 2 bai ko kusanci haka ba.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Tunda ba a kula dangi a ƙasa, kuma kowa ya san darajar As da 2, abu ne da aka saba gani mutum biyu su fito da ƙaramin hannu iri ɗaya sak. Idan haka ta faru, rabin ƙasa ne ake sake rabawa, kowannensu ya samu rubu'i. A teburin mutum uku mai Naira 30,000, rubu'i Naira 7,500 ne. Mutum ya riƙe hannun da babu wanda ya fi shi, an kira shi cikin waɗanda suka ci, an turo masa kuɗi gabansa, kuma ya yi asarar Naira 2,500. Abin takaicin shi ne irin wannan mutum yakan zama shi ke ƙara zubi da kansa, yana ganin ai ba za a doke shi ba, alhali duk Naira 100 da ya ƙara a zagayen mutum uku, Naira 75 ce za ta dawo masa. Idan kuma ɗaya daga cikin masu kunnen dokin shi ne ke da babban hannu, to ya tafi da kashi uku cikin huɗu, Naira 22,500. Sai an kai mutum huɗu a zubi kafin mai rubu'i ya iya mayar da uwar kuɗinsa kawai.

Ana iya kwatanta abin da watanda, inda ake haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama, sai dai kwatancin bai yi nisa ba. A watanda kowa na komawa gida da kason da ya yi daidai da kuɗinsa. A nan mutum biyu ne ke raba naman, sauran su kalla, wani lokaci ma ɗayan biyun ya tarar an haɗa shi da wani a kasonsa.

Duk wannan lissafi an yi shi ne kamar babu mai gida, alhali akwai shi. Gidan caca ko kamfanin manhaja ba ya shiga wasan foka a matsayin abokin karawa, la'ada yake yanka daga kuɗin da aka tara kafin a raba, galibi tsakanin kashi 2.5 zuwa 10 cikin 100, har zuwa wani iyaka. Dillali a kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda aka sake buɗewa a ƙarshen 2024, yana karɓar la'adarsa ko mai saniya ya ci riba ko ya faɗi, amma shi aƙalla ya haɗa mai saye da mai sayarwa, saniya ta sauya hannu. A teburin raba-daidai ana iya yanke la'ada a zagayen da kuɗi ba su je ko'ina ba. A koma kan mutum biyun da suka tara Naira 20,000. Idan la'ada kashi biyar ce, an cire Naira 1,000, kowa ya karɓi Naira 9,500. Dukansu allon waya zai nuna musu sun ci, dukansu kuma sun ragu da Naira 500, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Zagaye 20 irin wannan ya isa ya cinye Naira 10,000 daga aljihun kowannensu ba tare da ɗayansu ya taɓa faɗuwa ko sau ɗaya ba.

Har a ƙaramin abu dokar wasan ta nuna ɓangaren da ta fi so. A gidajen caca ba da takardun kuɗi ake zubi ba, da ƙwayoyin roba ne masu ƙima, kuma wani lokaci adadinsu ba ya rabuwa biyu daidai, sai ƙwaya ɗaya ta yi saura. Ba a jefa ƙuri'a a kanta, ba a kuma ajiye ta don zagaye na gaba. Mai babban hannu ake tura wa.